Likkafanin da na kai tsibirin Jaba

A shekarar da aka cire tallafin mai, bayan mun kammala yankan shinkafa a fadamar Bagudo, na sayar da shanun huɗata na kama hanyar tsibirin Jaba a ƙasar Indunusiya. Ɗana Bashiru can yake kwance. Ya tafi karatun noman shinkafa, aka tura shi wani ƙauye koyon aiki, ambaliya ta ci shi a shekarar korona, lokacin da babu jirgin da ke tashi. Ruwa ya raba ƙauyen da kasuwa, ba a samu ƙyallen da za a sa shi ba. Sai wani tsohon manomi mai suna Wiryo ya fito da likkafaninsa, wanda ya tsoma a Zamzam tun zuwansa hajji, aka suturta ɗana da shi. Ni ma ina da irinsa a ƙasan akwati. Da labari ya zo mini cewa tsohon ya kwanta ciwo, na naɗe nawa na sa a jaka.

Bagudo zuwa Kwatano

Na fita bayan sallar asuba. Ige, uwar Bashiru, ta rako ni zaure, sai da na sa ƙafa waje ta ce, "Malam, ka dubo min yadda suka kwantar da shi."

Motar 'yan kasuwa ta kai ni Lolo, ɗan kabu-kabu ya tsallaka iyaka da ni zuwa Malanbil, domin tikitin da ƙanena ya samo mini daga Kwatano yake tashi. Kafin Kandi jandarma ya tsayar da mu, ya zazzage jakata, ya ɗaga farin ƙyallen.

"Alhaji, wanga na sayarwa ne?"

"Likkafanina ne."

Ya sake shi kamar ya taɓa garwashi. Direba ya ce, "Da ka faɗi tun Malanbil, Baba, da gaban mota na shimfiɗa shi, ba wanda zai tsai da mu." Aka yi dariya, ni ban iya ba. Na kwana Farako a masallacin tasha, kashegari na isa Kwatano, jirgi ya bi da mu Habasha.

Jakarta da jirgin ƙasa

Wanda ya tarbe ni a Jakarta shi ne Ustaz Hamim, malamin makarantar ƙauyen, wanda ya yi wa Bashiru salla. Da Larabci muke magana, nawa na zaure, nasa na makaranta, muna cin karo muna wucewa. A tashar jirgin ƙasa na shimfiɗa darduma na dubi gabas kamar yadda na saba tun ina yaro. Ya kama kafaɗuna ya juya ni. "Ya Shaihu, ka ba Ka'aba baya. Mu nan yamma muke kallo." Na daɗe a tsaye kafin na iya yin kabbara.

Jirgi mai tsayawa kowace tasha muka samu. Wuni guda shinkafa ce dama da hagu, wata ana dashe, wata ana yanka, duk a rana ɗaya. Ɓauna ke jan garma cikin laka. Can nesa wani dutse yana fitar da hayaƙi, mutane suna noma a gindinsa ba ruwansu. Muka ci shinkafa ƙunshe cikin ganyen ayaba da soyayyen wake da shayi mai zaƙin tsiya. Da la'asar aka kira Hamim a waya. Ya ce tsohon ya daina cin abinci. Na dubi jirgin nan da ke tsaye yana jiran wani ya wuce, na ci gaba da jan carbi.

Hanyar ƙauye

Mun kwana a wata makarantar allo kusa da garin Jogja. Da hantsi ƙaramar bas ta hau da mu duwatsu, tana tsayawa ɗaukar kowace tsohuwa da kwandonta. Ruwan sama ya tsinke bayan azahar. Inda kwalta ta ƙare muka shiga keken doki, inda ya kai gadar da ambaliyar ta karya muka sauka. Har yanzu gora ce aka jera a wurin. Hamim ya nuna mini ƙasa da haɓarsa, na gane nan ne ruwa ya ci Bashiru. Ruwan ja ne, yana gudu. Na tsallaka ina rungume da jakar a ƙirji, muka bi kan kunyoyin gona har cikin gari.

Gidan Wiryo

'Yarsa Sumiyati ta tarbe mu, mace ce da ta manyanta. Ta kawo shayi, ta yi mini gaisuwar Bashiru tana hawaye. Ni kuwa saboda ɗoki na buɗe jaka nan take, na miƙa mata likkafanin da hannu biyu. A wurinmu dattijo yakan nuna wa 'ya'yansa nasa, ya faɗi inda ya ajiye, ba abin tsoro ba ne. Fuskarta ta canza. Ta tashi ta tsaya a ƙofar ɗakin mahaifinta tana magana da zafi.

Hamim ya sunkuyar da kai. "Ta ce babanta yana numfashi tukuna. Ta ce ka ƙetaro teku ka kawo masa mutuwa a jaka. Ba za ka shiga da shi ba."

Na zauna da ƙyallen a cinyata, ruwa na dukan rufi. Sai muka ji tari daga ciki, da murya siririya. Tsohon ya ji komai. Ya ce a shigo da baƙo da kayansa.

Ɗan ƙaramin mutum ne, ciwo ya cinye shi. Ya sa aka warware ƙyallen a kansa daga ka zuwa ƙafa, ya shinshina, ya lumshe ido. Ragowar ta zubo har ƙasa. Ya yi magana, Hamim ya fassara yana murmushin dole: "Ya ce ku mutanen Afirka ba ku san tsimin yadi ba, wannan ai ya ishi shi da maƙwabcinsa."

Sannan tsohon ya kama hannuna. Ya ce akwai abin da ya hana a faɗa mini a waya. Bashiru dogo ne, likkafanin bai rufe ƙafafunsa ba. Sumiyati ce ta yanka farin mayafin sallarta aka cika. Ya sa aka kawo almakashi, aka yanke abin da ya wuce tsawonsa, ya ce in ba ta da hannuna. Ta daɗe tana kallona kafin ta karɓa, ta rufe fuska da shi.

"Tsakaninmu ya ƙare," in ji shi. "Yanzu kai ne ba ka da na sawa."

Na ce, "Allah da ya suturta Bashiru a nan ba zai bar ni ba."

Da ruwa ya ɗauke aka kai ni maƙabarta, ƙarƙashin wasu itatuwa masu zubar da farin fure. Kabarin a share yake. Na tambayi Hamim ina fuskarsa take, ya nuna mini inda rana ke faɗuwa.

Komawa

Hanyar da na bi ita na sake bi. Ina tashar Kandi saƙon Hamim ya iso: Wiryo ya rasu ranar Juma'a, an sa shi cikin ƙyallen, ya yi masa daidai. Allah ya jiƙansa, ya saka wa Hamim da Sumiyati da alheri, da duk wanda ya ba ni ruwa a hanya.

Na shiga Bagudo ana kiran la'asar. Ige tana tsakar gida tana alwala. Ba ta tambaye ni gajiya ba.

"Ya karɓa?"

"Ya karɓa, har an rufe shi da shi."

"Yarona fa?"

Na ce mata an kwantar da shi bisa sunna, kuma alƙiblarsu a can yamma take, saboda haka fuskarsa wajen Makka take kallo, wajenmu kuma. Ta ɗauki dardumarta ta shimfiɗa, ta dubi gabas, na gode wa Allah na bar mata wurin.