Kulocin Baba

Baba ya yi ritaya daga tuƙin motar haya, amma bai yi ritaya daga taurin kai ba. Motarsa ta girme ni. Da bulo aka tokare kujerar gaba, ƙofar baya kuwa sai an lallaɓa ta take buɗewa. Tun da ta kwanar da shi a daji, babban wanmu ya yanke hukunci: ta ƙara lalacewa a hanya, 'yan gwangwan za su ɗauke ta.

Ran nan muna tafiya gidan Yayan namu, mun yi nisa, na ga Baba ya taka kuloci, ƙafarsa ta nutse har ƙasa, abin bai dawo ba. Ya gangara gefen titi.

"Baba, lafiya?"

"Ƙafa zan miƙe."

Wai miƙe ƙafa, a ƙarƙashin mota. Ya fito duk baƙin mai, ya ɗaga bonet, ya sa ni danna fedar da hannu yana leƙe. Ni da na ci kwalliya, ga ni a durƙushe ina haɗa gumi.

"Ba farantin kulocin ba ne, da na ji ƙauri. Wayarsa ce ta tsinke."

"To a kira bakanike mana."

"Bakaniken da bakinsa ba ya shiru? Kafin mu isa wanki ya ji."

Raina ya gama ɓaci. Ya saka giya ɗaya, ya murza makulli, motar ta yi tsalle kamar akuya, muka tafi. Da kunne yake sauya giya, yana sauraron inji, ni ina salati. Sai da muka shigo gari ya gaya mini sauran: in ya tsaya za ta mutu, kuma Yaya da jin tashinta zai gane.

Ga Yaya a ƙofar gida yana jiranmu. Baba ya ɗaga masa hannu, muka wuce. Muka zagayo, muka sake wucewa.

"Baba, wannan wane irin abin kunya ne?"

Ya rage gudu a kwana. "Dira, uwata. Ki ce na tafi shan mai."

Na buɗe baki zan yi masifa, sai na ga ya riƙe giyar gam, kamar za a ƙwace masa. Bai kalle ni ba.

Na dira, takalmina ɗaya ya tsinke. Yaya ya tare ni, fuska a ɗaure.

"Me ya sami motar?"

"Wace motar? Lafiyarta ƙalau. Mai ya tafi sha."