Kunun da ya zaga layinmu

Yau Juma'a, bayan la'asar, na tarar da matan masallacinmu na Banifandou suna zuba kunun gero a kwanoni. Na masu cutar sida ne, don su sha magani da abu a ciki.

Ni da na gama karatun jinya bana, hankalina ya tashi. Ga fari, gero ya yi tsada, kwanonin kuma sun yi yawa.

Na ce wa shugabarsu, "Inna, ba ɓarna ba ce?"

Ta yi dariya. "Ɗiyata, kowane gida zai samu. In kwano ya shiga gida ɗaya kaɗai, gobe unguwa duka ta san asirinsu. Karɓi naki, ke ma kin rame."

Na shanye. Har yanzu ban san gidan ba, ban kuma tambaya ba.

A masallacinku ko majami'arku, yaya kuke yi?