Durƙuson Malama Walƙiya

Sunan Walƙiya tun tana budurwa ya bi ta, lokacin da in aka busa usur sai dai a ga ƙurarta. Rana ɗaya tana tsakiyar tsere tsokar bayan cinyarta ta yage. Daga nan gudu ya ƙare, ɗingishi ya zauna. Ta koma koyar da wasanni a makarantar 'yan mata, da alkawarin ba za ta bari wata yarinya ta gaji tafiyarta ba.

Abin da take sa su yi ba shi da kyan gani. Yarinya ta durƙusa kan tabarma, wata ta danne mata idon sawu, ita kuma ta riƙa sulalowa gaba a hankali, tana riƙe kanta har ta kai ƙasa.

"Kar ki faɗo kamar buhu!" in ji Malama. "A hankalin nan maganin yake. Tsoka in tana ɗauke da nauyi tana miƙewa, zarenta tsawo yake ƙarawa. Ran da kika buɗe ƙafa da gudu ba zai tsinke ba."

Matsalar ita ce, farkon farawa cinya ciwo take yi. Doguwa, wadda ta fi kowa gudu a makarantar, ta koma gida tana tafiya kamar kakarta. Da safe sai ga babanta a ofishin hedimasta, ko gaisawa bai tsaya yi ba.

"Me 'yata ta yi ake sa ta durƙuso, har da mai danne ta?"

Hedimasta kuwa ko leƙa filin bai yi ba. Mutumin da kullum yake jera 'yan makara a kan gwiwa a bakin ƙofa, wai shi ne yau ya gano zalunci! Malama ta yi bayani har muryarta ta dishe, ta ce ciwon na ɗan lokaci ne.

"Malama, a bar shi kawai. Su yi gudunsu, ai gudu aka sani," in ji hedimasta.

Ranta ya ɓaci ƙwarai, amma yaya za ta yi? Ta naɗe tabarmin ta jingina a bayan ƙofa.

Ranar gasar makarantu, Doguwa ce a gaba, babanta a tsaye yana ihu hula a hannu. Saura kaɗan ta kai layin ƙarshe sai ta yi wani ɗan tsalle, ta dafe bayan cinya, ta zube. Malama ba ta buƙaci likita ya faɗa mata ba, ta san wannan tsallen.

Uban ya iso yana haki. "Malama, za ta sake gudu ko?"

Malama ta ɗago Doguwa. Ta ɗora hannun yarinyar a kafaɗarta, suka nufi bakin fili. Yana biye da su a baya, sai a lokacin ya lura tafiyarsu iri ɗaya ce.