Kujerar Autar Dogo Kafinta

Ranar da aka haifi autar Dogo Kafinta an tashi da ruwan sama, ba mai ƙarfi ba, irin yayyafin nan da ke wuni bai ɗauke ba. Katakon da ke jingine a bakin shagonsa ya sha ruwa ya kumbura, ƙofar ma sai da ya sa kafaɗa kafin ta buɗe. Yana cikin tara bokiti a inda kwano ke yoyo aka zo aka ce masa Amarya ta sauka lafiya, an sami mace.

A lokacin Dogo ya haura sittin. Sunan ya dace da shi, don ko ƙofar gidansa sai ya sunkuya yake shiga. Matarsa ta fari ta rasu bayan sun aurar da 'ya'yansu uku, dukkansu dogaye kamar uban. Ya daɗe shi kaɗai, yana kwana a gida yana cin abinci a shago, kafin ya auri wata bazawara mai saƙar huluna da safar jarirai, wadda ba ta taɓa haihuwa ba. Tun da ta shigo ake ce mata Amarya, sunan kuma ya bi ta.

Mai Walda, maƙwabcinsa na shago, shi ya fara zuwa barka, da tabarau ɗin aikinsa a goshi.

"Tsoho, ashe da sauranka! Mu muna nan muna shirin saya maka sanda."

"Kai da ƙarfe kake aiki, me ka sani?" in ji Dogo. "Katako sai ya kwana biyu ya bushe yake yin kyau. Ɗanye shi ke karkacewa. Ka zuba ido ka ga yarinyar nan."

Wannan magana ya maimaita ta ga duk wanda ya tsokane shi, har layin ya haddace ta.

Aikin Dogo bencin makaranta ne da kujerun yara. Ya daɗe a kai har in yaro ya gifta ta ƙofar shago yakan san tsawon kujerar da za ta yi masa. Yana da wani abu da ya saba yi wa 'ya'yansa: duk wanda ya fara zama, sai ya ƙera masa 'yar kujera. Samfur ɗin ƙafar kujerar, wani guntun katako da ya yi baƙi don shan hannu, yana rataye a ƙusa tun zamanin babban ɗansa. Da Auta ta fara zama, ko da yake ta yi jinkiri, ya sauko da shi ya kaɗe ƙura, ya yanka, ya goge, ya shafa fenti shuɗi.

Ya kai kujerar gida ya ɗora yarinyar a kai a tsakar gida. Ƙafafunta ba su kai bakin mazaunin ba, balle su sauka. Hannuwanta ba su isa madafa ba. Kanta babba ne, goshin ya turo. Ta dube shi ta yi dariya, ta kife gefe guda, uwar ta tare ta.

Ba ranar ya fara gani ba. Idon da ke auna yaran mutane a kan titi ya auna tasa tun tana cikin zane. Ya ɗauke kujerar ya ce akwai inda bai goge ba, ya mayar da ita shago ya tura ƙarƙashin tebur.

Yayarsa, wadda yaran gidan ke kira Gwaggo, tana zaune a layin baya, kuma kusan kullum sai ta leƙo. Ita ma doguwa ce, bakinta ba ya ajiye magana. Ita ta fara faɗa a fili.

"Dogo, a gidanmu ka taɓa ganin gajere? Ka duba 'ya'yan marigayiya. Wannan ba jininmu ba ne. Ka binciki dangin matar nan kafin ka kwaso ta?"

Ba a jima ba ta gano Amarya tana da wani kawu gajere mai sayar da takalma a kasuwa. Shi ke nan, magana ta sami gindin zama. Ta bi layin gida-gida, ta kai bakin famfo. Amarya ta daina fita ɗibar ruwa sai rana ta take, lokacin da babu kowa. In za ta kai huluna shago, takan lulluɓe Auta har ƙafa ko ana zafi. Wata mai ciki da ta saba sayen safa a wajenta ta aiko a ce ta fasa.

Dogo bai kare matarsa ba. A ransa ma yana ganin lissafin Gwaggo ya fita: zarto ɗaya ne, hannu ɗaya ne, uku sun fito daidai, ta huɗu ta bambanta, to me ya sauya in ba katako ba? Bai taɓa faɗa wa Amarya haka ba. Sai dai ya koma cin abinci a shago.

Wata safiya tana zuba masa shayi ta ce, "Malam, maganar Yaya ba ta ci mini rai kamar shirunka ba. Ita ta faɗi abin da ke ranta. Kai fa?"

Ya hura shayin.

"To, na ji," in ji ta. "Zan tafi da Auta wajen yayana. Amma ƙaramin asibiti sun tura mu babba saboda minsharin da take yi da ciwon kunnen nan. Ka raka mu, kai ne ubanta. In mun dawo sai in kama hanya."

Akwatin da ta jawo daga ƙarƙashin gado Dogo ne ya ƙera mata shi da hannunsa kafin ta tare. Ta cika shi da kayanta da na yarinyar, da ƙwaryar zarenta, ta ajiye a bakin ƙofar ɗaki.

A babban asibiti sun daɗe a kan benci a wani dogon baranda. Bencin yana rawa, Dogo ya laluba ya gano ƙusa ɗaya ce ta fita. Aka ɗauki hoton ƙashin Auta, sannan aka kira su. Likitar mace ce mai furfura kaɗan a gaban kai. Ta sa tef ta auna kan yarinyar da hannu da cinya, ta ɗaga hoton ta duba a haske, ta bar Auta ta kama mata alƙalami.

Ta ce musu yarinyar wada ce. Ƙasusuwan hannu da ƙafa ba za su yi tsawo kamar na sauran yara ba, kuma babu abincin da zai sauya haka. Hankalinta lafiya lau. Abin da za a riƙa lura da shi kunne ne da numfashi da baya, a riƙa kawo ta.

Amarya ta gyara goyon da ba ya bayanta, ta ce, "Likita, daga wajena ne? Ina da kawu gajere."

"Gajarta daban, wannan daban," in ji likitar. "Da daga ɗayanku ta gada, da an gani a jikin mai shi. Ku biyu babu mai shi. A kanta abin ya fara." Ta juya. "Baba, shekarunka nawa?"

Ya faɗa mata.

Ta ajiye hoton ta yi musu bayani a hankali. Ta ce mace da ƙwayayenta ake haihuwarta. Namiji kuwa jikinsa kullum cikin yin sabon iri yake, tun daga balaga har tsufa, kuma kowane sabo daga wanda ya gabace shi ake kwafo shi. Yawan kwafi yakan kawo ɗan kuskure nan da can, shekaru na tafiya kuskuren na taruwa. Irin wannan na Auta, in iyaye ba su da shi, kusan kullum ta wajen irin uba yake shigowa, kuma an fi ganinsa in uban ya manyanta. Ta ƙara da cewa yawancin 'ya'yan tsofaffi lafiya suke fitowa, matashi ma yakan haifi wada, kuma ba abu ne da wani ya aikata ba.

Dogo ya daɗe yana kallon tef ɗin da ke kan tebur.

"Wato ba daga samfur ake yankawa ba," ya ce. "Daga na baya ake yanka na gaba."

Likitar ta ce bai fito mata ba. Ya ce in kafinta zai yanka ƙafafun benci masu yawa, dole kowace ya auna ta da samfur na asali. In ya yi ganda ya riƙa ɗora wadda ya yanka yanzu a kan ta gaba yana ja da fensir, kaurin layin fensir kaɗai ya isa. Ba a gani a ta biyu ko ta uku. Sai an yi nisa a tsayar da ta fari kusa da ta ƙarshe.

"Kusan haka ne, Baba," in ji ta. "Sai dai kai kana da zaɓi a shago. A nan babu."

Suka hau mota zuwa gida. Auta ta yi barci a cinyar uwar tana minshari. Dogo ya san Amarya ba za ta kai maganar likita ga kowa ba, in ma ta kai, cewa za a yi kare kanta take. A ɗakin likita su biyu ne kawai suka ji. Ya tuna maganarsa ta busasshen katako, ya tuna fuskar Mai Walda da duk waɗanda ya faɗa wa.

Washegari ya fita shago da sassafe, ya dawo da hantsi da wani ƙulli a hammata. Gwaggo ta riga ta zo, tana zaune a kan tabarma, babban ɗansa ma ya biyo ta hanya ya tsaya gaisuwa. Akwati yana bakin ƙofa. Amarya ta sa mayafi.

Dogo ya kwance ƙullin a ƙasa. Guntayen katako ne, ya jera su a tsaye jikin bango.

"Yaya, dubi nan. Wannan na yanka da farko. Wannan daga jikinsa na auna, wannan kuma daga jikin wancan, har zuwa nan." Ya ɗauki na fari da na ƙarshe ya haɗa su. Bambancin ya fito fili.

"Yau kuma kafintanci za ka koya mini da tsufana?" in ji Gwaggo.

"Itace ɗaya ne duka, Yaya. Babu laifin katako. Haka likita ta ce jikin namiji yake yi, yana kwafa yana kwafa. Yaran nan uku na same su da ƙuruciyata. Auta ta zo a ƙarshen layi. Abin da ya same ta ta wajena ya biyo, tsufana ne. Ba kawun Amarya ba ne, ba danginta ba ne."

Babban ɗan ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin babur.

"Likitocin yanzu," in ji Gwaggo, "babu abin da ba za su faɗa ba. Namiji yana tsufa ne a wannan fanni?"

"Ga shi na tsufa. Kuma duk gidan da kika kai waccan magana, ki taimaka ki kai wannan. In nauyi kike ji, ni zan kai."

Gwaggo ta laluba takalmanta ta fita ba sallama. Ba ta kai maganar ko'ina ba. Dogo ne ya kai, ta hanyar da ya san ta fi sauri: ya faɗa wa Mai Walda.

"To, ina busasshen katakon?" in ji Mai Walda, yana dariya har da riƙe ciki.

"Ya bushe ya wuce misali."

"Ai da ka tambaye ni, da na ce maka tsohon ƙarfe ma tsatsa yake yi."

Kafin rana ta faɗi labarin ya kai bakin famfo. An yi ta tsokanar Dogo har aka gaji.

Amarya ba ta tafi ranar ba, ba ta kuma kwance kaya ba. Akwatin ya kwana biyu a bakin ƙofa, kowa na kewaye shi. Dogo ya koma cin abinci a gida. Ya jawo shuɗiyar kujerar daga ƙarƙashin tebur, ya zo da tef ya auna Auta daga gwiwa zuwa diddige, daga baya zuwa gwiwa, uwar na riƙe da ita. Ya rage zurfin mazaunin, ya sauke madafa, ya sa matakin ƙafa. Ya yanka sabon samfur ya rataye a ƙusa kusa da tsohon. Ranar da Auta ta zauna a kujerar ƙafarta ta taka, ya shiga ɗaki neman hularsa ya ga akwatin ya koma ƙarƙashin gado.

Daga nan aikin bai tsaya ba. Ya yi mata matakala a bakin gado da bakin randa, ya sauko da sakatar ƙofa. Mai Walda ya lanƙwasa mata ƙarfe mai ƙugiya na kunna fitila, ya ce kyauta ce daga tsohon ƙarfe. Da ta isa makaranta, Dogo ya ɗauki teburinta a ka ya kai aji da kansa. Yara sun yi mata dariya, wasu har yanzu suna yi. Kunnen ya sha ba ta wahala. Gwaggo ta dawo zuwa gidan bayan wani lokaci, takan kawo wa Auta ɗan kunne ko ribbon na ɗaure gashi, amma har ta rasu ba ta ce ta yarda ba.

Dogo bai sake haihuwa ba. Yanzu idonsa ya yi rauni, ya bar wa babban ɗansa shagon, yakan zauna a bakin ƙofa yana tsince ƙusoshi masu kyau daga cikin lanƙwasassu. Amarya tana nan tana saƙarta. Auta tana makarantar sakandare, a benci na gaba, a kan kujerar da ubanta ya auna mata bara.