Yadda Muka Cinye Hanyar Ƙofar Gidanmu

Ranar wata Talata ce da hantsi, a kakar shekarar da na fara ɗaukar azumi, masu awon fili suka zo bayan garinmu Kiru. Muna gona muna roron gyaɗa muka hango su, su uku: ɗaya ya saɓa wani madubi mai ƙafa uku, biyu suna jan doguwar igiya a cikin kututturan dawa. Muka watsar da kwanukanmu muka bi su. Duk inda suka tsaya sai su kafa turken siminti mai jan fenti a ka. Babbansu, wani dattijo mai malafa, ya tara iyayenmu ya nuna musu tsakanin layuka biyu na turakun. Ya ce nan hanya ce, gefenta kuma za a haƙa lambatu, kada kowa ya ɗora mata ko tubali ɗaya. Babana, Malam Sale, ya dubi faɗin wurin ya yi dariya ya ce, “Ranka ya daɗe, wannan ai gona ce, ba hanya ba.” Dattijon ya ce, “Malam, jikokinka za su ce ta yi kaɗan.”

Da rani ya yi muka tashi daga cikin tsohon gari muka gina gida a sabuwar unguwar, kuma a kan hanyar nan na yi duk ƙuruciyata. Amalanken shanu biyu sukan wuce juna a kanta ba tare da masu su sun daina hira ba. Da safe ni nake share gabanmu, in shimfiɗa buhuna in baza barkono da kuɓewar Innata, Rabi, in zauna ina korar awaki. Da la'asar, in mun dawo daga ɗebo ruwa a rijiya, nan muke langa, nan muke buga ƙwallon tsumma, nan muke tseren gare tun daga gindin tsamiya har bakin masallaci. In an yi ruwan sama kuwa, mukan tsaya mu ga yadda yake gangarawa ta lambatu, ya nufi fadama, bai leƙa zauren kowa ba.

Amma gidajenmu na ƙasa ne, kuma duk bayan damina biyu ko uku katanga takan zaizaye. A wurinmu ba a rushe tsohuwar katanga kafin a yi sabuwa, domin gida zai zauna a buɗe, masu wucewa su ga matan aure. Sai a gina sabuwar a bayan tsohuwar, ta waje, in ta bushe sannan a ture ta cikin. Haka kakanninmu suka yi, ba wanda ya ɗauke shi laifi. Da tamu ta lalace, ni na yi ta taka ƙasa da ciyawa, yayyena suna mulmula tubali. Da aka zo ja layin gini, turken simintin ya tsaya mana a tsakiya. Baba ya miƙo mini diga ya ce in tuge shi. Na tuge shi ina jin kaina namiji, na ja shi cikin gida muka riƙa ɗaure akuya. Maƙwabcinmu na tsallake, Baba Idi, ya leƙo ya ce, “Malam Sale, katangar nan taka tafiya ta koya ne?” Baba ya ce, “Taku ɗaya ne, Idi. Taka ma na ga ta fara rarrafe.” Suka yi dariya, aka kawo musu fura.

Haka aka yi ta yi, taku ɗaya daga nan, taku ɗaya daga can. Lambatu ya shige cikin gidaje aka cike shi da ƙasa. Da bulo ya zo, kowa ya gina nasa daidai inda katangar ƙasarsa ta tsaya, wasu suka ƙara dakali, wasu shago. Ni ma da na yi aure na fitar da ɗakina waje, na ce ai kowa ya yi. Yau hanyar nan lungu ce, ɗan acaɓa sai ya ɗaga ƙafa yake wuce kwanar gidanmu, ruwan sama kuma ba shi da wurin zuwa sai tsakar gidajenmu.

A daminar bara ɓarin jikin Inna ya shanye. Motar da muka kira ta tsaya can bakin titi, direban ya ce ko madubinsa ba zai shiga ba. Muka aro baro wurin mai sayar da siminti, muka shimfiɗa bargo muka ɗora ta. Ina turawa cikin taɓo, mutane suna mannewa da bango suna mana sannu, ita kuwa ta ja mayafi da hannunta mai lafiya ta rufe fuska. Da muka sa ta a mota ta ce a hankali, “Haruna, kada ka ƙara fito da ni haka.” Ta sami sauƙi an sallamo mu, amma likita ya ce a riƙa kawo ta duk wata, ta ƙi. Na yi lallashi, na sa ƙannenta sun yi, ta ce ita dai a bar ta a ɗakinta.

A ajin yaƙi da jahilci da nake zuwa yanzu, malaminmu ya karanta mana darasi a kan tsara gari, ya ce ana fara ware hanya da magudanar ruwa ne kafin gida, saboda waɗanda ba a haifa ba. 'Ya'yana a zaure suke wasa, ba su taɓa tseren gare ba, kuma in na ce musu a ƙofar gidan nan muka yi ƙwallo, sai su ɗauka zolayarsu nake yi. Ba wanda ya ƙwace mana hanyar nan. Mu muka cinye ta, muna gaisawa da juna.