Talukar Tela

A shagon yadin da nake aiki a Bab Makka, cikin Jidda, akwai wani tela Ba'indiye. Duk ɗan ƙasarsu da ya shigo sai ya titsiye shi: wace jiha, wace gunduma, wace taluka, wato ƙaramin yankin da ke ƙarƙashin gunduma. In talukarsu ta zo ɗaya, halas, shi ke nan, an zama 'yan'uwa, a kawo shayi.

Wata rana ya juyo kaina. "Kai fa, wace ce talukarka?"

Na ce Waziriyya, unguwarmu ta nan Jidda.

Ya yi dariya har da ajiye almakashi. "Wannan ai wurin kwana ne. Gida nake tambaya."

Wallahi har yau ban huce ba. A Waziriyya aka haife ni. Kakana a ƙafa ya zo aikin Hajji daga Kano, a Jidda aka rufe shi. Ban taɓa taka Kano ba. Mutumin da ya sauka jiya-jiya yana da jiha da gunduma da taluka, ni unguwa ɗaya tak ya hana ni.

Bara ya tattara ya koma talukarsa. Ni kuwa ina nan ina sabunta iƙama, takardar izinin zaman baƙo, a garin da aka binne cibiyata.