Wanda Aka Binne da Rigata

Ko tsufa ya kwashe mini komai daga kai, ba zan manta ranar da magatakardan meri, wato ofishin magajin gari, a Difa ya karanta mini takardar mutuwata ba.

Ni manomin tattasai ne a bakin kogin Komadugu. Safiyar da 'yan bindiga suka faɗa wa ƙauyenmu, kowa ya bi inda ƙafarsa ta kai shi. Ni tawa ta kai ni nesa, ba waya, ba takarda, sai da na shekara biyu kafin na samu hanyar dawowa. Na tarar da iyalina a Difa, gidan yayana. Da ya gan ni a ƙofa bai amsa sallamata ba. Ya daɗe yana kallon ƙafafuna, sannan ya matso ya latsa damtsena kamar mai duba akuya a kasuwa. Ashe an yi mini sadakar uku, ta bakwai da ta arba'in, matata ta yi takaba ta fita, gonata kuma tana cikin gadon da za a raba.

Na tafi meri neman katin shaida, don a lokacin wanda aka tsayar a shingen sojoji ba takarda, Allah kaɗai ya san inda zai kwana. Magatakarda ya buɗe littafi, ya bi da yatsa, ya tsaya. "Malam, mai wannan suna ya rasu." Na ce ai ga ni. Ya ce, "Ni ina ganinka, amma littafi bai san da kai ba."

A waje, gindin itacen bedi, wani mai kwat da jaka da ake kira Metir, wai shi lauya ne, ya ja ni gefe. "Abu mai sauƙi ne, Alhaji. Ƙyale wancan ya ci gaba da mutuwarsa, ni zan fitar maka da sabon suna kafin Juma'a." Saura kaɗan in yarda, don na gaji. Yau in na tuna sai gabana ya faɗi, domin mai suna biyu a Difa ta wancan lokaci ai ya kai kansa hannun sojoji.

Wata mata a ofishin ba da shawarar shari'a kyauta ce ta hana ni. Ta ce lauyan gaskiya sunansa na cikin jerin ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa, kuma gaban alƙali yake tsayawa, ba gindin itace ba. Ta duba jerin, babu Metir ɗina. Ta haɗa ni da wani lauya da ke zuwa daga Damagaram. Shi ya ce alƙali kaɗai ke soke takardar mutuwa, kuma in kawo waɗanda suka binne ni.

Haka muka shiga kotu, ni da yayana da limaminmu. Alƙali ya tambaye su yadda suka gane gawar. Yayana ya ce kwana huɗu ta yi kusa da injin ban ruwa, fuska ta riga ta ɓaci, amma shuɗiyar rigar nan mai aikin wuya kowa ya san tawa ce. Nan take na tuna. Safiyar harin na ba wani ɗan ƙodago rigar saboda sanyin kogi. Daga tsallake ya zo tsinkar tattasai. Kwana uku yana mini aiki, "Baƙo" kawai nake ce masa.

Alƙali ya ajiye alƙalami ya ce, "To wa ke cikin kabarin?" Ni kaɗai nake da amsa, ita ma ba ta da suna.

An soke takardar, an maido mini da sunana da gonata. Da hanya ta ɗan buɗe na je kabarin, na tarar yayana ya kafa ice a kai don kada ya ɓace. Na yi addu'a, na rasa wa zan ambata.

Na koyi cewa matsalar takarda, wanda ke da izinin tsayawa gaban alƙali ake kai wa, ko da zai ja lokaci. Kuma tun daga ranar ba wanda ke taɓa mini tattasai sai na tambayi sunansa da na mahaifinsa da garinsu. Har yau akwai wani gida a tsallaken kogi da ke jiran mutumin nan, kuma ni ne na ƙarshe da ya samu damar tambayarsa.